Shinge a Kan Hanya: Jawabi Ga Hakimai da Malamansu

Mutumin Tamawa da ya yi sammako za shi kasuwar Dutsin-Ma, ko ya bi ta Kurfi za shi Katsina, ba wuya ya tarar da shinge a kan hanya, a ce masa, "Tsaya! Wane ne kai, daga ina, za ka ina?" Wajibi ne hakimai da malamansu su san inda wannan tambaya ta zama tsaro, da inda ta koma zalunci.

Tambayar ba sabuwa ba ce. A zamanin En'e takardar haraji ita ce shaidar talaka, 'yan doka su kan tare bakin kasuwa su ce kowa ya fito da tasa. Bayan juyin mulkin 1966 aka haɗe 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya. A 1979 kuma Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda ƙasar Katsina take ciki har 1987. Yanzu katin ɗan ƙasa da lambarsa su ne babbar shaida.

Dalilin Bincike

Ba mai hankalin da zai ce a bar hanyoyi sake. 'Yan bindigar dajin Rugu ba su noma, ba su haƙo mai. Abinci da fetur da labari duk ta hanya su kan isa gare su. Saboda haka ne a ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya hana sayar da dabbobi a wasu kasuwanni, har da ta Dutsin-Ma, ya kuma hana sayar da fetur a jarka. A Satumba na shekarar aka katse wayar salula na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13, Kurfi da Dutsin-Ma suna ciki. Wanda aka tsayar ya yi haƙuri, ya amsa da ladabi, gama minti biyar nasa na iya tsirar da ran wani.

Iyakar da Doka Ta Sa

Amma ikon ɗan sanda yana da iyaka. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar tafiya inda ya so cikin Nijeriya. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta shimfiɗa sharuɗɗa:

1. Mai bincike ya kasance cikin kayan sarki, ko ya rataya katin aikinsa a fili.

2. Kafin ya taɓa mutum ko kayansa, ya faɗi sunansa da ofishinsa, da abin da yake nema, da dalilin zarginsa. In mutumin ya ba da bayani mai gamsarwa, ba sauran bincike.

3. Launin fata, ko shekaru, ko askin kai, ko irin tufafi, ba su zama dalilin zargi. Haka nan zaton da a kan yi wa wata ƙungiyar mutane cewa su ne masu laifi. Wannan shi ne sashe na 54.

4. Ba a kama uba ko mata ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema.

Wanda aka kama kuwa, Tsarin Mulki ya ce a kai shi gaban shari'a cikin kwana ɗaya, in akwai kotu a cikin kilomita 40.

Sharaɗi na uku shi ne abin lura. Bafillatanin da ya kawo akuya kasuwa, da ɗalibin jami'ar Dutsin-Ma mai baƙon aski, ba su yi laifi da kamanninsu ba. Haka kuma rashin kati a aljihu ba ya mai da manomi ɓarawo. In aka wulakanta mai gaskiya a shinge, ko aka karɓe masa kuɗi, ranar da ya ga ɓarayi sai ya kame bakinsa. Ashe an yi asarar mutuncinsa, an kuma yi asarar tsaron.

Aikin Hakimi

Hakimi ba shi da 'yan doka yanzu, amma yana da abin da shinge ba shi da shi, watau sanin mutane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dagatai da masu unguwanni su riƙa sanar da shi baƙon da ya sauka da wanda ya sauke shi, malami kuwa ya rubuta cikin littafi. A yi ta jan hankalin talakawa, maza da mata, har da na rugage, su je su yi katin ɗan ƙasa. Takardar shaida kada malami ya rubuta wa wanda dagacinsa bai sani ba, kome kyautarsa, kada kuma ya hana wanda ya cancanta. In an tsare mutum a kan kamanni kurum, hakimi ya aika wa shugaban 'yan sandan yankin nan da nan, da sunan mutumin da rana da wuri. In kuwa zargin na gaskiya ne, kada ya tsaya wa kowa, ko da ɗan gidansa ne.

Allah shi ba shugabanni ikon riƙon amana, shi zaunar da ƙasa lafiya, amin.