Wa Ke Yanka Wa Audugarmu Farashi?

Wasiƙar yau ta fito daga wani dattijo manomi a 'Yargoje, cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara. Ya ce ya sha jin 'yan boko suna ambaton sabon salon mulkin mallaka, alhali ya san Turawa sun miƙa mulki tun 1960. Yana tambaya, shin wannan magana ta shafi mai fartanya, ko kuwa hirar 'yan birni ce?

To Baba, mun gode da wasiƙa. Ta shafe ka mana, kuma audugar gonarka ita ce shaida.

A 1902 masu masaƙu a Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA a birnin Manchesta, don su samu auduga mai sauƙi daga ƙasashen da suke mulka. Suka kawo irin Amurka mai suna Allen, suka kafa injinan gurza, har yau akwai unguwa a Funtuwa da ake kira da sunan ƙungiyar. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda. Haraji kuma aka ce sai da kuɗi. Ka ga dole kakanka ya shuka abin da Bature zai saya. A fuloti a auna, a yanka farashi, auduga ta haye teku, ta dawo atamfa a sayar mana da tsada.

Wannan shi ne tsohon mulkin mallaka, na Razdan da Di'o. Sabon ba ya zuwa da bindiga. Kwame Nkrumah na Ghana ya rubuta littafi a kansa a 1965, inda ya nuna ƙasa tana iya samun tuta da shugaba nata, amma akalar arzikinta tana hannun wasu a waje.

Ga misali. Da farashin man fetur ya faɗi, bashi ya yi wa Nijeriya katutu, gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin SAP a 1986, bisa shawarar Bankin Duniya da asusun lamuni na IMF. Aka karya darajar Naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. A 1985 dala ɗaya ba ta kai Naira ɗaya ba, kafin 1994 ta kai wajen Naira 22 a farashin gwamnati. Gaskiya ne hukumar auduga ta sha biyan manomi ƙasa da haƙƙinsa, amma da ta tafi sai harkar iri mai kyau ta tabarbare, manomi ya rage daga shi sai dillali.

Abin mamaki, masu ba mu shawarar janye tallafi ba su janye nasu ba. Amurka ta ci gaba da tallafa wa manoman audugarta, abin da ya danne farashi a duniya. A 2003 Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka kai kuka gaban ƙungiyar ciniki ta duniya. Barazil ta shigar da ƙara, ta yi nasara, a 2014 Amurka ta yarda ta biya ta dala miliyan 300. Farashin da ake yankawa a kasuwar Niyok shi ke gangarowa har Faskari da Sabuwa.

Sai masaƙu. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Yadin China ya cika Kantin Kwari a Kano. Masaƙa in ta mutu, wa zai sayi kaɗar manomi?

Amma fa Baba, kada mu ɗora wa baƙo laifin duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rashin wutar lantarki namu ne, fasa-ƙwauri 'ya'yanmu ke yi, bashin nan shugabanninmu suka sa wa hannu. Rashin tsaron da ya hana mutane da yawa na yankinku zuwa gona, shi ma ba daga Landan aka aiko shi ba.

Shawarata uku ce. Na farko, a cika rumbu da dawa da masara kafin a ware wa auduga fili, don mai hatsi a gida ba a yi masa tayin wulaƙanci. Na biyu, ku haɗa kai cikin ƙungiya ku sayar tare, ku bincika farashin Funtuwa kafin dillali ya iso. Na uku, 'yan kasuwa, in kun samu yadin gida mai kyau ku ba shi wuri a rumfa. In kuma masu neman ƙuri'a suka zo, ku tambaye su bashin da ake ciwowa da sunanku, me aka yi da shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.