Zance ta wayar salula: a ina za a haɗu?

Hirarmu ta yau ta shafi ƴan mata da zawarawa, da ku uwaye.

Kun san yadda zance yake a garuruwanmu. Saurayi ya zo ƙofar gida, ya aiki yaro ya kira yarinya, maƙwabta suna ganin sa, uwaye su bincika asalinsa. Yanzu kuwa akwai manhajojin neman masoyi cikin salula, irin su Tinder da aka buɗe a Amurka a 2012. Mutum ya sa hoto, ya rubuta suna da shekaru, shi ke nan. Babu mai unguwar da ya shaide shi. Hoton ma yana iya zama na wani.

Ke yarinya, ga inda haɗarin yake. In kin yi wata 2 kina hira da mutum dare da rana, sai ki ji kamar kin san shi. Rubutunsa kawai kika sani. A Ingila, hukumar yaƙi da manyan laifuka ta ƙidaya ƙarar fyaɗe da aka yi a haɗuwar farko bayan sanayya ta intanet: 33 a 2009, 184 a 2014. Galibi cikin gida abin ya faru, na namijin ko na matar. A Legas kuma, a 2012, wasu samari suka yi abota da wata ɗaliba ta Facebook, suka gayyace ta, suka sauke ta a otel, suka zuba mata ƙwaya a abin sha, suka kashe ta. A 2017 kotu ta yanke wa 2 daga cikinsu hukuncin kisa.

Saboda haka, in za ki haɗu da shi, ya zo gidanku, ko ku haɗu da rana cikin mutane, tare da ƙawarki. Kada ki shiga motarsa. Wanda ya ce "kada ki gaya wa kowa", ki rabu da shi nan take.

In kuwa abin ya auku, laifin nasa ne, ba naki ba. Ki je asibiti kafin kwana 3 su cika, domin maganin da ke tare ƙwayar cutar sida sai cikin awa 72 ake fara shi. Kada ki wanke tufafin, kada ki goge saƙonninsa: shaida ce a komisariya ko wajen jandarmomi. Ku uwaye, ba lokacin duka ko ɓoyo ba ne. Ku raka ta wurin lokotoro tun ranar.