Yadda Nake Hira da Kwamfuta a Wurin Aiki

An ce in yi magana a kan aikina, to zan ɗauki abu ɗaya tak, wato yadda nake sa kwamfuta lissafi ta hanyar tambaya da amsa.

Manhajar da nake rubutu a cikinta sunanta Emacs. Tsohuwa ce, don tun 1976 aka soma ta a Amurka, kuma Richard Stallman ya fito da wadda muke amfani da ita a 1985, kyauta. Harshen da nake ba na'ura umarni da shi kuwa Python ne, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Idan na zauna sai in raba fuskar kwamfuta biyu. A sama ina rubuta umarni, a ƙasa kuma Python na jira da alamarsa ta >>>. Sai in zaɓi layi biyu ko uku in tura masa, nan take ya mayar mini da amsa. Malamanmu sun san wannan tsari, domin haka ɗalibi ke biya wa malami allo kaɗan-kaɗan, a gyara masa tun bai yi nisa ba.

Ga amfaninsa. Alal misali, an kawo mini jerin sunaye daga ƙananan hukumomi 14 na Jihar Zamfara a tattara a Gusau. Kafin in haɗa jimla sai in tambayi na'ura: garuruwa nawa kika gani? In ta ce 16, na san akwai magana. Wani magatakarda ya rubuta Tsafe, wani ya rubuta Chafe irin na tsofaffin takardun Turawa. Wani ya sa Bunguɗu da ƙugiya, wani Bungudu ba ƙugiya. Mu mun san gari ɗaya ne, ita kuwa kwamfuta biyu take ƙirgawa. In ba a lura ba, sai sunan wani dattijo mai jiran fansho ya faɗi, ya yi ta zirga-zirga zuwa Gusau yana kashe kuɗin mota. Da wannan hira nakan gano irin haka cikin minti biyar, ba tare da na sake loda jerin daga farko ba, don yana nan riƙe a ƙwaƙwalwar na'urar.

Sai dai a nan ne kuma tarkon yake. Abin da ka gaya wa Python a ƙasa kaɗai, da batir ya mutu ya tafi. Saboda haka duk gyaran da ya yi daidai nakan mayar da shi sama in adana, kuma kafin in miƙa wa maigidana takarda sai na rufe Python, na sake buɗe shi, na gudanar da aikin tun daga layin farko na ga jimla ta fito iri ɗaya.

Wanda ke son gani da idonsa, kwamfutata na nan bayan an tashi.