Yi wa Aji Ritaya a Laburaren Manhaja

Da wuya a sami manhajar da aka rubuta daga tushe. Mai rubutu yakan jingina da laburare, wato tarin aikin da wasu suka riga suka kammala, ya riƙa kiran azuzuwan da ke ciki da sunayensu. Idan aji ya tsufa ko an sami wanda ya fi shi, masu kula da laburaren sukan so cire shi don su rage wa kansu nauyin gyara. Sai dai mai laburare aikinsa kaɗai yake gani. Ajin da ya ɗauka an daina taɓawa yana iya zama shi ke riƙe da wata manhaja a inda bai taɓa jin sunansa ba. Wanda ya tsaya a Gagarawa Tasha bai ga jirgi ba, ba shi da hujjar cire ƙarfen dogon da ya nufi Nguru.

Don haka ake farawa da bincike: a lalubi sunan ajin a cikin laburaren, a lalube shi a rumbuna irin su GitHub, sannan a cire shi na gwaji a sake gina manhajojin da suka dogara da shi, a ga wace ce za ta karye. Manhajojin da kamfanoni suka kulle ba sa fitowa a wannan bincike, shi ya sa ake bin sa da gargaɗi. A harshen manhaja na Java ana liƙa wa ajin alamar @Deprecated, kuma tun siga ta 9 a 2017 ana iya bayyana cewa cirewa ake nufi. Python kuwa DeprecationWarning take fitarwa. Gargaɗin da bai faɗi abin da zai maye gurbi ba, bai faɗi wa'adi ba, ɓata lokaci ne.

Abin da ya faru a Python ya isa a tsaya a kansa. A siga ta 3.3, cikin 2012, an mayar da azuzuwa irin su Mapping daga collections zuwa collections.abc, aka bar tsofaffin sunayen suna aiki. Gyaran da ake bukata bai fi sauya layi ɗaya ba. Duk da haka an ɗage wa'adin cirewar fiye da sau ɗaya, domin ko a siga ta 3.9 manyan laburare da dama ba su shirya ba. Sai a 3.10, cikin Oktoban 2021, aka cire sunayen. Shekara tara ke nan. Ba lalaci kaɗai ya jawo wannan ba: Python takan ɓoye irin wannan gargaɗi idan daga cikin wani laburare ya taso, sai an buɗe shi da gangan. Mutane da yawa ba su san da shi ba sai ranar da aiki ya tsaya.

Ƙa'idar Python ita ce gargaɗi ya daɗe aƙalla sigogi biyu kafin cirewa. Haka aka yi da laburaren distutils: gargaɗi a 3.10, cirewa a 3.12 cikin 2023. A nan ne abin ya fi shafar masu rubutu a Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar, inda tsadar data da rashin wuta kan sa kwamfuta ta daɗe ba a sabunta ta ba. Wanda ya tsallaka daga 3.9 zuwa 3.12 ba zai ga gargaɗin ba ko sau ɗaya, karyewar kawai zai tarar.

Saboda haka duk mai manhajar da ta dogara da aikin wasu ya rubuta sigar kowane laburare da yake amfani da shi, ya riƙa hawa siga ɗaya bayan ɗaya, ya kuma gudanar da gwaje-gwajensa da umarnin -W error na Python, wanda ke mayar da kowane gargaɗi kuskure mai tsayar da aiki har sai an gyara.