Gadar Mostar da Hikimar Magina

Ya ku 'yan'uwa muridai, mu a Danja mun san yadda ruwan damina kan cinye kwalbati ya raba gona da kasuwa. To, ku ji labarin gadar dutse ta garin Mostar a ƙasar Bosniya, bisa kwazazzabon kogin Neretva. Magini Hairuddin ya kammala ta a 1566, zamanin Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya. Ba ginshiƙi a cikin ruwa. Baka ɗaya ne, kowane dutse ya jingina da ɗan'uwansa, nauyi ya sauka kan gaɓa biyu. Irin hikimar Babban Gwani ce a Masallacin Juma'ar Zariya, ko da yake nasa da ƙasa da azara ne. Shekara 427 ambaliya ba ta kayar da ita ba, sai igwar yaƙi a 1993. Aka sake gina ta a 2004.