Gajere Ba Yaro Ba Ne: Tarihin Motar Mini da Nasarorinta a Fagen Tsere



Sa'ad da na gaya wa wani abokina cewa zan yi jawabi a kan wata 'yar motar Ingila mai suna Mini, dariya ya yi, ya ce duk abubuwan da ke damunmu ban ga na ɗauka ba sai motar da ko buhun gero uku ba za ta iya ɗauka ba. Na roƙe shi ya zo ya saurara kafin ya yanke hukunci, ga shi kuwa na hango shi can baya.

Labarin motar nan ba a Ingila ya soma ba, a Masar ya soma. Cikin watan Yuli na 1956 Shugaba Jamal Abdul Nasir ya mai da mashigin Suwez mallakar ƙasarsa. Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar hari, mashigin ya toshe, jiragen dakon mai suka rasa hanya. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Ingila ta soma raba wa masu motoci fetur da kati, ba ta kuwa janye wannan doka ba sai watan Mayu na 1957. Cinikin manyan motoci ya faɗi, mutane suka koma sayen waɗansu 'yan mitsi-mitsin motoci ƙirar Jamus, waɗansunsu ma ƙafa uku gare su, irin su Isetta wadda ta goshi ake buɗe ƙofarta. Wannan abu ya ɓata wa Leonard Lord rai. Shi ne shugaban kamfanin BMC, watau gamayyar Austin da Morris da aka yi a 1952. Sai ya ba da umurni a ƙera ƙaramar mota ta sosai, mai cin manya huɗu, wadda tsawonta ba zai wuce ƙafa 10 ba, faɗinta da tsayinta kuma ƙafa huɗu-huɗu, da irin injin da kamfanin ya riga ya mallaka.

Wanda aka ɗora wa aikin, Alec Issigonis, ɗan gudun hijira ne. An haife shi a 1906 a birnin Izmir na ƙasar Turkiyya ta yau, ubansa asalin Girka, uwarsa asalin Jamus. Yaƙi ya kore su a 1922, uban ya rasu, shi da uwar suka isa Ingila. 'Yan'uwana da lissafi ke wahalarwa za su ji daɗin sanin cewa sau uku yana faɗuwa jarrabawar lissafi a kwalejin fasaha ta Battersea. Amma Allah ya ba shi hannun zane da ido mai ganin inda wuri ke ɓaci a banza, shi ne ma ya ƙera Morris Minor ta 1948.

Ina roƙonku ku ɗan natsu a nan, domin duk nasarar da za ta biyo baya daga nan ta samo tushe. Motocin wancan zamani yawancinsu injinsu a miƙe yake, akwatin giya na bayansa, sa'an nan farfela ta bi ƙarƙashin mota ta kai ƙarfi ga ƙafafun baya. Wannan tsari yana cinye wuri mai yawa. Issigonis ya juya injin ya kwantar da shi a gicciye, ya sa akwatin giya a ƙarƙashinsa suna shan baƙin mai ɗaya, ya sa ƙafafun gaba su riƙa jan motar. Ba shi ya fara jan mota da ƙafafun gaba ba, Citroën ta yi haka tun 1934, amma shi ya tattara dabarun nan wuri guda har inji da giya suka ƙunshe cikin ɗan lungu. Ya sa kamfanin Dunlop ya yi masa tayoyi na inci 10 kacal, ya tura su can kusurwoyi huɗu na motar. Maimakon sifirin na ƙarfe, abokinsa Alex Moulton ya yi masa na roba mai siffar mazurari. Ya ƙi sa gilashin tagar da ake murɗawa, ya sa mai zamewa, don cikin ƙofa ya zama aljihun zuba kaya. Da aka gama, kashi 80 cikin ɗari na shimfiɗar motar na fasinja ne da kayansu.

Ran 26 ga Agusta, 1959 aka fito da ita kasuwa da suna biyu, Austin Seven da Morris Mini-Minor, da inji mai si-si 848 da ƙarfin doki 34, a kan kuɗi ƙasa kaɗan da fam 500. Ba ta fito babu aibi ba. Na farko-farko ruwa na shiga ta daɓensu idan an yi ruwan sama, kuma talakan da aka yi ta dominsa ya ɗan yi ɗari-ɗari da ita, yana ganin abin da ya yi araha haka da sauƙin jiki ba zai yi ƙarko ba. Masu kuɗin Landan da 'yan wasan kwaikwayo da mawaƙa su ne suka fara rungumarta, saboda tana kutsawa ko'ina cikin cunkoso, daga nan sauran jama'a suka bi.

To, a lokacin akwai wani mutum John Cooper, abokin Issigonis, wanda motocin tserensa suka ci gasar duniya ta Formula One a 1959 da 1960 a hannun Jack Brabham. Da ya tuƙa Mini sai ya ga abin da mai ƙirarta bai nufa ba. Motar ba ta da nauyi, tana dab da ƙasa, ƙafafunta na kusurwoyi, nauyin inji kuma yana bisa ƙafafun da ke ja, saboda haka tana shan kwana kamar an ɗaure ta da hanya. Issigonis bai so ba da fari, shi motar iyali ya ƙera. Cooper ya wuce wurin George Harriman, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, aka amince a yi guda 1,000 a gani, a riƙa biyansa fam 2 a kan kowace. Haka Mini Cooper ta fito a 1961, da inji mai si-si 997, kafireta biyu, ƙarfin doki 55, da birkin faifai a gaba. A 1963 aka ƙaro mai ƙarfi, Cooper S, mai si-si 1071, a 1964 kuma mai 1275.

Irin tseren da ta yi suna a cikinsa shi ne rali. Ba zagaya fili ake yi ba. Hanyoyin ƙasa ake bi kwana da kwanaki, dare da rana, direba na tuƙi, abokin tafiyarsa na karanta masa taswira da kwanonin da ke gaba, ana kuma auna lokacin kowace mota a waɗansu zangon da aka rufe. Wanda ya fi kowanne martaba a Turai shi ne na Monte Carlo, wanda aka fara tun 1911. Cikin Janairu ake yinsa, tsakiyar hunturu, a wancan zamani kuwa motoci kan taso daga birane dabam-dabam su haɗu a Monako, su hau duwatsun Alps cikin dusar ƙanƙara. Mu da sanyinmu bai wuce na hazo ba, sai mu ƙaddara hanya mai santsi kamar an zuba mata miyar kuɓewa, dutse a dama, rami mai zurfi a hagu, ga duhun dare.

Mace ce ta fara ci wa Mini babban rali na ƙasa da ƙasa: Pat Moss, ƙanwar shahararren direba Stirling Moss, a tseren Tulip na ƙasar Holan a 1962. Sa'an nan sashen tsere na BMC da ke Abingdon, ƙarƙashin Stuart Turner, ya tara gwanaye uku, Paddy Hopkirk mutumin Belfast, da 'yan Finlan biyu, Rauno Aaltonen da Timo Mäkinen. 'Yan Finlan ɗin sun zo da wata dabara ta taka birki da ƙafar hagu alhali ta dama na bisa totur, bayan motar ya zame, goshinta ya fuskanci kwana ba tare da gudu ya ragu sosai ba.

A 1964 Hopkirk da Henry Liddon suka taso daga Minsk, cikin Tarayyar Sobiyat ta wancan lokaci, a jar mota mai farin rufi mai lamba 37, suka ci Monte Carlo. A nan wajibi ne in faɗi abin da masu son motar kan tsallake. Wanda ya zo na biyu, Bo Ljungfeldt, yana tuƙa Ford Falcon ne mai injin da ya ninka na Mini fiye da sau huɗu, kuma a zahirin agogo ya fi gudu. Dokar tseren ce ta tanadi rangwame ga ƙananan injuna, da wannan lissafi Hopkirk ya hau sama. Halal ne cin, tun da kowa ya san dokar kafin ya shiga, amma ba ita ce nasarar da ta fi burge ni ba.

Wadda ta fi burge ni ta 1965 ce. A shekarar ƙanƙara ta zubo kamar da bakin ƙwarya, motoci 237 suka taso, 35 kaɗai suka kai ƙarshe. Mäkinen da Paul Easter suka ratsa wannan bala'i suka ci da rata mai yawa, ba wanda ya isa ya ce lissafi ne ya taimake su. Manyan motoci masu jan baya suna ta wulwula ƙafa a wuri ɗaya, ita kuwa 'yar ƙaramar tana haƙa tana wucewa.

Sai 1966, shekarar da ta fi kowace shiga bakin mutane. Mäkinen ya zo na ɗaya, Aaltonen na biyu, Hopkirk na uku, dukansu a Mini. Alƙalan tseren suka kwance motocin suna bincike sa'o'i da yawa, suka auna inji, suka duba giya, ba su sami kome ba. Daga ƙarshe suka tsaya a kan fitila. An sa wa motocin wani sabon ƙwai mai zare ɗaya, wanda ba ya yin dim da kansa, alhali wanda ake sayar da motar da shi mai zare biyu ne. Aka kore su duka uku, aka haɗa da Roger Clark da ya zo na huɗu a Ford Cortina, aka miƙa kofin ga Citroën, motar Faransa, wadda ta zo ta biyar. Direbanta Pauli Toivonen, shi ma ɗan Finlan, bai yi murna da wannan kyauta ba.

Baƙinmu ma'aikata, waɗanda kullum takardun doka ke bisa teburinsu, su ne za su fi jin nauyin wannan shari'a. A ganina an saɓa wa harafin doka, wannan ba musu, kuma sakaci ne ga sashen da ya ƙware kamar na Abingdon ya bar irin wannan ƙofa a buɗe. Amma ƙwan fitila ba shi ya hau da motoci uku kan duwatsu ba, kuma mai binciken da ya wuni yana neman laifi ya riga ya nuna abin da ke ransa. Abin dariyar shi ne korar ta jawo wa Mini suna a jaridun duniya fiye da yadda cin zai jawo. A 1967 Aaltonen da Liddon suka komo suka ci, da ratar 'yan daƙiƙoƙi tsakaninsu da Lancia, wannan karon ba wanda ya ce uffan.

Ba Monte Carlo kaɗai ba ne. Mäkinen ya ci ralin ƙasarsu sau uku a jere, 1965 zuwa 1967, a na ƙarshen ma murfin inji ya ɓalle ya rufe masa gilashi, ya ci gaba da gudu yana leƙe ta gefe. A Ostireliya, a tseren Bathurst na 1966, motoci tara na farko duk Mini ne. Inda ta gaza shi ne nahiyarmu. Ba ta taɓa cin ralin Safari na Afirka ta Gabas ba, domin ƙananan tayoyi da cikin da ke dab da ƙasa ba su jure laka da gargada da ƙura. Can Peugeot 404 ce sarauniya, ta ci a 1963, ta kuma ci sau uku a jere daga 1966. Wanda ya san dalilin da ya sa Fijo ta mamaye hanyoyinmu, har aka kafa mata masana'anta a Kaduna a 1975, ba zai yi mamaki ba.

Yanzu bari in koma kan maganar kuɗi, wadda na ajiye da gangan. Tun farkon fitowar Mini kamfanin Ford ya sayi ɗaya ya warware ta ƙusa-ƙusa, ya yi wa kowane ƙarfe kuɗi, lissafinsa ya nuna BMC na hasarar kimanin fam 30 a kan kowace mota mai arahar da ta sayar. Ford bai yi ƙoƙarin kwaikwayonta ba, sai ya fito da Cortina a 1962, mota mai tsohon tsari wadda ba wata sabuwar hikima a cikinta, ya yi ta kwasar riba. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi. BMC kuwa ya narke cikin British Leyland a 1968, sabon shugaba Donald Stokes ya rufe sashen tsere a 1970, ya yanke yarjejeniyar Cooper a 1971, a 1975 kuma sai da gwamnati ta karɓi kamfanin don kada ya rushe. Ba Mini kaɗai ta jawo wannan ba, akwai yajin aiki da rikicin shugabanci, amma motar da ta fi kowace farin jini ba ta tara wa masu ita abin da za su sabunta masana'antunsu ba.

Duk da haka ta ƙi mutuwa. An ba Issigonis lambar girma ta Sir a 1969, ya rasu a 1988 ana nan ana ƙera ta. Sunan Cooper ya komo a 1990. A 1999, da aka yi zaɓen motar ƙarni, ita ta zo ta biyu bayan Ford Model T, kuma tsarin nan nata na inji a gicciye da jan gaba shi ne yawancin ƙananan motocin duniya suka bi. Ran 4 ga Oktoba, 2000 ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Longbridge da ke Birmingham, bayan shekara 41, an ƙera 5,387,862. John Cooper ya rasu cikin Disambar wannan shekarar. Sunan kuwa ya riga ya koma hannun BMW, wanda ya sayi kamfanin Rover a 1994, ya fito da sabuwar Mini mai girman jiki a 2001. Watau motar da aka ƙera don a kori motocin Jamus daga titunan Ingila, Jamusawa ne suka gaji sunanta.

Shugaban taro, na ga kana duban agogo. In akwai tambaya, ina roƙo a fara ba abokina na can baya dama.