Manyan Kantunan Waje: Wa Ke Biyan Kuɗin Araha?



Iyayenmu sun san kantin Kingsway na kamfanin UAC, wanda aka buɗe a Ikko cikin 1948, sun kuma san Leventis. Mu kuwa a idonmu Shoprite na Afirka ta Kudu ya kafa kantinsa na farko a Ikko cikin 2005, sa'an nan ya iso Kano cikin 2014. Da isowarsa jama'a suka rabu biyu: wasu suka ce araha ta zo, wasu suka ce 'yan tireda sun shiga uku.

Bari mu fara duba inda aka daɗe ana gwada abin. Kamfanin Walmart na Amurka ya shiga Meziko cikin 1991. Wani bincike da masana tattalin arziki suka buga cikin 2018 ya nuna lalle tsadar rayuwa ta ragu a garuruwan da kantunan waje suka shiga, amma masu hali sun fi talakawa amfana, masu ƙananan shaguna kuwa cinikinsu ya ja baya, wasu suka rufe. Dalilin arahar a fili yake. Babban kanti yana sarin kaya tirela-tirela, ya tsallake dillali, ya yanka wa manomi da mai masana'anta farashin da ya ga dama. Watau wani ɓangare na rangwamen da mai saye ke murna da shi, daga aljihun mai kawo kaya ya fito.

To, me ya sa Kasuwar Sabon Gari da ta Singa ba su girgiza ba? Domin talakanmu ba ya cefanen wata guda. Sukari ƙulli yake saye, man gyaɗa ludayi, shinkafa gwangwani. Mai tiredar unguwa yana yi masa ragi, yana ba shi bashi har ƙarshen wata, abin da duk ƙaramin ma'aikacin da ke zauren nan ya sani sarai, ko da ba zai faɗa ba. Babban kanti kuwa ba tayi, ba bashi, kuma cin moriyarsa sai mai mota da firiji da wutar da ba ta ɗaukewa.

Sa'an nan ga faɗuwar naira. Cikin 2014 dala ba ta kai naira 200 ba. Cikin 2024 ta haura naira 1,400. Kantin da ke dogara da kayan waje ba ya jure wannan. Cikin 2021 uwar kamfanin ta sayar da kantunanta na Nijeriya ga 'yan kasuwar gida, a Janairun 2024 kuma aka rufe reshen Kano.

Batun albashi ya fi damunmu. Mafi ƙanƙantar albashi cikin 2011 naira 18,000 ne, sama da dala 100 a lokacin. Cikin 2024 ya zama naira 70,000, alhali kuwa bai kai dala 50 ba. Ina amfanin ragin naira hamsin a kan gwangwanin madara ga wanda albashinsa ya zube haka? Ma'aikacin babban kanti yana da albashi a rubuce, amma ran da aka rufe ƙofa aikinsa ya ƙare. Yaron shago yana fatan maigidansa ya sallame shi da jari; sai dai kada mu yaudari kanmu, da yawa sukan yi shekaru suna wahala ba yarjejeniya, su tashi a tutar babu.

Cikinmu akwai waɗanda gobe za su zauna a Ma'aikatar Ciniki, takardun neman izinin irin waɗannan kantuna su biyo ta teburinsu. Dokar gasar kasuwanci da kare mai saye, wadda aka sa wa hannu cikin 2019, tana nan. Muna roƙonsu su tambaya: kashi nawa na kayan za a saya daga manomanmu da masana'antun Bompai da Sharaɗa? Cikin kwana nawa za a biya mai kawo kaya? Ma'aikatan na dindindin ne ko na ɗan kwangila, kuma za a bar su su shiga ƙungiyar ƙwadago?